Tsarin Wutar Lantarki Mai Ɗorewa a Masaukai da Wuraren Shaƙatawa na Katsina

Tsarin wutar lantarki mai ɗorewa shi ne haɗa hasken rana da batura da wutar kamfani da janareta a tsari guda, ta yadda wuta ba za ta yanke ba, kuɗin mai kuma ba zai cinye riba ba. A birnin Katsina, batun ya shafi duk mai masauki ko wurin shaƙatawa da ke shirin ƙara ɗakuna, a Kambarawa ne ko a wata unguwa, musamman domin baƙin da ke cika gari lokacin hawan Sallah.

Dalilin sauyin tsari

Katsina na samun wuta ne daga kamfanin KEDCO, mai rarraba lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. A watan Afrilun 2024, hukumar NERC ta ɗaga farashin yunit ɗaya zuwa naira 225 ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar sa'a 20 a rana. A watan Oktoban shekarar kuma, lalacewar manyan layukan dakon wuta ta jefa yawancin Arewa cikin duhu na kwanaki. Janareta ba mafita ba ce mai sauƙi, domin lita ɗaya ta man gas kusan yunit uku kawai take bayarwa.

Lissafin nauyi

Aikin injiniya yana farawa ne tun kafin a haƙa tushen gini. Yakan ƙidaya duk abin da zai ja wuta: na'urorin sanyaya ɗaki, firiji, injin tura ruwan rijiyar burtsatse, fitilu da kayan kicin. Alal misali, sababbin ɗakuna 20 da kowanne ke jan kilowat ɗaya da rabi za su ƙara kilowat 30 a kan tsohon nauyi. Idan aka ɗora wannan a kan tsofaffin wayoyi da tsohuwar taransifoma, wayoyin za su yi zafi, daga nan gobara ke tashi. Don haka ake sabunta wayoyi, a raba nauyi daidai a kan layuka uku, a kafa na'urorin katse wuta da wayar ƙasa da ƙarfen kare tsawa.

Rage buƙata ya fi ƙara wuta arha. Silin mai tare zafi, inuwar bishiyoyi, fitilu masu ƙarancin cin wuta, da tukunyar dumama ruwa da rana duk suna rage yawan farantai da baturan da za a saya.

Hasken rana da batura

Katsina na kusa da digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa ake karkata farantan sola zuwa kudu da kusan wannan awon. Farantai masu ƙarfin kilowat ɗaya sukan samar da yunit huɗu zuwa biyar a yini. Abubuwa biyu ke rage musu ƙarfi: ƙurar hunturu, wadda ke sa a riƙa wanke su a kai a kai, da zafin bazara, wanda ke sa a bar sarari a ƙarƙashinsu iska ta ratsa. Tun da baƙi sun fi jan wuta da dare, girman batura shi ne ginshiƙin tsarin, janareta kuwa sai ta koma ta ko-ta-kwana.

Doka da kulawa

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, ta kuma yarda mutum ya samar da wutar da ba ta wuce megawat ɗaya ba a wuri guda ba tare da lasisi ba.

Jihar na da darasi a tashar iska ta Lambar Rimi, mai injuna 37 da aka tsara su ba da megawat 10. An faro maganarta tun zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, amma aikin ya shafe fiye da shekara goma bai kammala ba. Kafa na'ura rabin aiki ne. Mai masaukin da ya tanadi ƙwararren ma'aikaci da kayan gyara da kuɗin sauya batura tun farko, shi ne baƙinsa ba za su kwana a duhu ba.