Sankarar da Ta Daɗe Tana Ɓuya a Rigar Wasu Cututtuka

A shekarun 1950, wani abu ya tsaya wa Dakta Christopher Sleggs a rai. Shi ne babban likitan asibitin masu tarin fuka na West End da ke Kimberley, a Afirka ta Kudu. Sabbin magunguna sun shigo, marasa lafiya suna samun sauƙi, amma wasu da ake kawowa daga yamma, wajajen Kuruman da Prieska, sai ruwa ya yi ta taruwa a ƙirjinsu har rai ya yi halinsa. A yankin nan ne kuwa ake haƙar shuɗin asbesto, ma'adinin nan mai zare-zare wanda wuta ba ta ci.

Sleggs ya haɗa kai da Dakta Chris Wagner, masanin binciken tsoka, da likitan fiɗa Paul Marchand. A 1960 suka fitar da rahoto a kan mutum 33 masu sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda ake kira mesoteliyoma. An gano cewa 32 daga cikinsu sun taɓa cuɗanya da asbesto. Abin tausayi, wasunsu ko ramin haƙa ba su taɓa shiga ba. A kusa da wurin suka tashi, suna shaƙar ƙurar tun suna yara, cutar kuma ba ta bayyana ba sai bayan shekaru ashirin zuwa arba'in.

To, ba huhu kaɗai ke da irin wannan tantani ba. Akwai shi a jikin kayan ciki, da zuciya, da 'ya'yan maraina, kuma ko'ina sankarar tana iya kamawa.

Ta ciki ita ce ta biyu a yawa, kuma tun 1908 wasu likitoci biyu, Miller da Wynn, suka bayyana ta. Ciki ne yake kumbura da ruwa, a yi ta zargin hanta. Ita aka samu a jikin masanin kimiyyar nan na Amurka, Stephen Jay Gould, a 1982, lokacin da rabin masu ita ba sa wuce wata takwas. Allah ya ja kwanansa, ya ƙara shekara 20, wata sankarar daban ce ma ta zama ajalinsa. Daga baya likitoci irin su Paul Sugarbaker suka inganta hanyar yanke ƙarin, sannan a wanke cikin da maganin sankara mai ɗumi, abin da ya ƙara wa marasa lafiya da dama shekaru.

Ta zuciya ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, sau da yawa kuma sai wajen binciken gawa ake ganin ta.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta maraina. Barbera da Rubino ne suka fara rubuta labarinta a 1957, sai a 1976 Fligiel da Kaneko suka danganta ta da asbesto. Me ya sa ta ɓuya haka? Domin kamanninta kamannin gwaiwa ne sak: kumburi, da ruwa, galibi babu zafi. Dattijo zai zo a yi masa aikin gwaiwa, sai an buɗe likita ya tarar da ƙananan tsiro a jikin tantanin. Idan ba a aika da abin da aka yanko ɗakin gwaji ba, an sallami mutum ke nan da cutarsa. Gaskiya ne, kusan duk gwaiwa ba sankara ba ce, amma kunyar da ke hana maza zuwa asibiti ita ke ba wa wannan 'yar ƙalilan damar yaɗuwa.

Afirka ta Kudu ba ta haramta asbesto kwata-kwata ba sai a 2008, shekara 48 bayan rahoton Wagner. A ganina jinkirin ya yi muni ƙwarai.

Mu ma akwai tsofaffin rufi da silin na asbesto a gidaje da makarantunmu. Magina da kafintoci, don Allah kada ku fasa su ko ku yanka su a bushe. Wanda kuma ya taɓa aiki cikin wannan ƙura, ko da shekara talatin ne baya, ya faɗa wa likitansa.