Sakataren da Ya Mayar da Wasiƙu Mujalla

A ranar 6 ga Maris, 1665, wata 'yar mujalla mai shafi 16 ta fito a Landan da suna Philosophical Transactions. Har yau ana buga ta, kuma akan jingina ta ga Royal Society, ƙungiyar masana kimiyya da aka kafa a 1660. Sai dai a farkon lamari ba mallakar ƙungiyar ba ce. Ta sakatarenta ce, Henry Oldenburg, haifaffen birnin Bremen na ƙasar Jamus, wanda ya ɗauki nauyinta da fatan za ta riƙa kawo masa abin sawa a bakin salati.

Ainihin aikin Oldenburg rubuta wasiƙa ne. Ya iya Jamusanci, Latin, Faransanci da Ingilishi, don haka masana daga sassan Turai suka riƙa aiko masa da labarin bincikensu. Ya karanta a zaman ƙungiya, ya fassara, ya tura wa wanda ya san zai yi gardama, sa'an nan ya buga abin da ya cancanta. Ta hannunsa aka buga takardar Isaac Newton kan haske da launi a 1672, kuma da suka ta yi wa Newton yawa har ya nemi barin ƙungiyar, shi ne ya lallashe shi. Daga 1673 ya fara buga wasiƙun Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a Delft wanda bai san Latin ba, amma yana ganin abin da malaman jami'a ba su taɓa gani ba ta madubin da ya ƙera da kansa. Abin da ƙungiyoyin ƙwararru ke ɗaukar ma'aikaci musamman dominsa a yau, wato haɗa kan mambobi a intanet da hana muhawara ta koma rigima, shi ne Oldenburg ya yi da alƙalami da tawada.

Ribar da ya yi fata kuwa ba ta zo ba. Annoba ta auka wa Landan a shekarar da mujallar ta fara, gobara ta biyo baya a 1666 ta cinye kayan masu sayar da littattafai. A 1667, ana tsakiyar yaƙi da Holan, yawan wasiƙunsa da ƙetare ya ja masa zargi, aka tsare shi kusan wata biyu a Hasumiyar Landan. Da ya fito ya koma kan aikinsa har ya rasu a 1677.

Sakatarorin da suka gaje shi sun ci gaba da buga mujallar a matsayin harkar ƙashin kansu. Sai a 1752, bayan John Hill ya yi wa wasu takardunta ba'a a bainar jama'a, ƙungiyar ta ga cewa sunanta ne ke ɓaci, ta karɓe ta, ta naɗa kwamitin tace abin da za a buga. A 1832 aka fara neman rubutaccen rahoto daga masana kafin a amince da takarda. Wannan tsari ya ƙara inganci, amma ya ninka wahalar sakatare: George Gabriel Stokes, wanda ya riƙe muƙamin daga 1854 zuwa 1885, ya kashe lokaci mai yawa kan gyaran rubutun wasu, alhali shi kansa babban masanin lissafi ne.

Duk tsawon wannan zamani asara mujallar ke ja wa ƙungiyar, ana cike giɓin da kuɗin wasu hanyoyi. Ba ta fara biyan kuɗin buga kanta ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 20, kusan shekara 300 bayan Oldenburg ya yi lissafin ribarsa.