Sitiyari a Dama: Tarihin Wata Landirofa a Ƙasar Kazaure

A bayan gidanmu da ke Kazaure, ƙarƙashin wata rumfar kwano da mahaifinmu ya kafa da hannunsa, akwai mota ƙirar Land Rover, irin wadda mutanenmu ke kira Landirofa. Fiye da shekara 20 ke nan rabon da tayarta ta taɓa hanya. Kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinta, mun yi wasan direba da yaron mota a cikinta muna ƙanana, 'ya'yanmu kuma suka gaje mu a wasan. Ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai sai bayan rasuwar mahaifin namu, Allah Ya jiƙansa, da aka zauna lissafin gado. Malamin da ke rabon ya tambaya nawa motar za ta yi, muka dubi juna, domin kuɗinta ya dogara ne ga abin da za a mayar da ita.

Ɗan jari-bola ya riga kowa zuwa, ya yi mata kuɗi a kan kilo. Yayana, wanda shi ne babba kuma iyali suka yi wa yawa, ya ce a cire tsohon injin a sa na Toyota, a mayar da sitiyarinta hagu, a yanke bayanta ta zama motar ɗaukar kaya zuwa kasuwannin ƙauye. Daga baya wani dillali ya zo daga Kano, ya ce yana da mai saye da zai kwance ta ƙusa-ƙusa ya mayar da ita kamar ranar da ta fito daga masana'anta. Ni kuwa na roƙi arziki a ba ni zuwa bayan kaka, in binciki asalinta tukuna, don kada mu yanke hukunci a kan abin da ba mu san ko mene ne ba.

Takardunta gara ta cinye su tun da daɗewa, saboda haka jikinta na karanta. Kamfanin Rover na Ingila ya fara nuna irin wannan mota a bajekolin motoci na Amsterdam a watan Afrilu na 1948. Injiniyan kamfanin, Maurice Wilks, ya ɗauko dabarar daga motar Jeep ta sojojin Amurka da yake aiki da ita a gonarsa. Ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi mata gangar jiki da alminiyum, aka ɗora a kan shasi na ƙarfe. Wannan larura ta zame mata alheri, don alminiyum ba ya tsatsa. Ta kuma zame mata ajali a ƙasarmu, kamar yadda zan nuna nan gaba. Tamu doguwa ce, mai inci 109 tsakanin tayoyin gaba da na baya, da injin fetur mai silinda huɗu. 'Yar farantin da ke jikinta ta nuna samfurin IIA ce, wanda aka ƙera a Solihull daga 1961 zuwa 1971. Fitilunta kuwa suna tsakiya, kusa da juna a gaban lagireto, alhali kuwa wajen 1969 kamfanin ya mayar da fitilun gefe. Ashe ke nan ta zo ƙasar nan ne a zamanin Sardauna, ko kuwa jim kaɗan bayansa.

Sai mutum ya tuna yadda ƙasar take a lokacin kafin ya gane darajar mota irin wannan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa na gabas ya bi ta Ringim ya nufi Nguru, bai taɓa ƙasar Kazaure ba. Abin da ke akwai shi ne hanyar da ta taso daga Kano ta Dambatta, ta ratsa Kazaure ta wuce Daura. Da zarar ka sauka daga kanta, sai turbar jaki da ta shanu. Wajen Roni duwatsu ne da kwazazzabai, waɗanda ruwan damina kan cika cikin sa'a guda. Wajen Gwiwa, inda ƙasar ta haɗu da ta Katsina, rafuka kan datse gari da gari. Ta fuskar Babura kuwa, da ke dab da iyakar Nijar, rairayi ne mai haɗiye taya. Hakimi a kan doki yake yawon ƙasarsa, talaka kuwa ƙafarsa ce abin hawansa. Landirofa kuwa mota ce da ke iya bin turbar doki. Tana da 'yar sanda mai kai ruwan ɗorawa da ake dannawa tayoyi huɗu su ja tare, da wata mai jan kai wadda direbobi ke kira giyar taimako, da ita ake fita daga taɓo ko a hau dutse a hankali.

Mahaifinmu direban En'e ne, kuma wannan motar ya tuƙa. Daga bakinsa na ji abin da ta ɗauka, kuma abin da ke rubuce a tarihi bai ƙaryata shi ba. A 1962 aka soma babban gangamin yi wa shanu allurar bushiya a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, malaman dabbobi suka riƙa bin rugage da mashaya. A 1967 aka shiga yaƙi da agana, cutar da aka ga ƙarshenta a Nijeriya a 1970. Malamin gona da duba-gari da akwatin magani duk sun hau bayanta. Amma tarihi ba ya cika idan aka faɗi rabinsa. Motar da ta kai allura ita ce ta kai masu karɓar haraji da masu ƙidayar jangali, har mahaifinmu kan ce akwai rugagen da in suka jiyo gurnaninta daga nesa, kafin ta iso an kora garke daji. Sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda Kazaure ke cikinta har zuwa kafa Jigawa a 1991. Dattijon da ya ga motar a yau, wani ya tuna ranar da aka ceci shanunsa, wani ya tuna ranar da aka ƙirga su.

Shaida mafi ƙarfi a jikinta ita ce sitiyarin. Yana dama, domin a lokacin da aka kawo ta, a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, irin na Ingila. Ran 2 ga Afrilu, 1972, ƙasar ta koma hannun dama don ta dace da maƙwabtanta irin su Nijar. Watanni tara bayan nan naira ta maye gurbin fam da sule. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, motocinta masu sitiyari a hagu suka cika hanyoyi. Da gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, tsofaffin motoci irin wannan suka zama kayan gwanjo. Mahaifinmu ya sayar da bijimai biyu ya saye ta, tun da shi ya san ciwonta.

Daga nan rayuwarta ta biyu ta fara, wadda ta fi ta farko tsawo, kuma ba a rubuta ta a ko'ina ba. Na je wurin tsohon yaron motar mahaifinmu, wanda ya zama bakanike har ya tsufa a sana'ar, muke kiransa Baba. Ya zagaya motar da sandarsa yana nuna mini.

"Ka ga wannan ganyen sifirin? Na babbar mota ne, mu muka ƙara shi, don buhunan gero na Babura sun fi ƙarfin na Bature. Kafireton nan na Peugeot ne. Lokacin da kayan gyara suka yi tsada a zamanin Babangida, nata ya gagare mu, na zauna kwana uku ina goge wannan har ya zauna."

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 yake nufi, wanda ya karya darajar naira ya sa kayan waje suka fi ƙarfin talaka. Ya nuna mini ragar ƙarfen da wani maƙeri ya ɗora mata a sama, da bencinan katako na baya, da wani faci a ƙofar hagu da aka ɗinke da ƙusoshi, domin mai walda na gari ba ya iya haɗa alminiyum. A kan waɗannan bencina aka kai amare, aka ɗauko masu naƙuda da tsakar dare, aka kai gawa maƙabarta.

Wannan ya sa na fara ƙin tayin dillalin, ko da yake shi ya fi tsoka. A Turai akwai masu sha'awar mayar da tsohuwar mota sabuwa fil, har kamfanin da kansa ya shiga wannan sana'a a 2016, shekarar da ya daina ƙera jikanyar wannan samfuri, wato tsohuwar Defender. Ba na zarginsu. Abin da suke adanawa tarihin masana'antarsu ne. Amma in aka cire kafireton Baba da facin ƙofa da ragar maƙeri, abin da zai saura mota ce ta Solihull, irin wadda ke da 'yan'uwa a gidajen tarihi na Ingila, ta Kazaure kuwa ta tafi. A gidan tarihi na ƙasa da ke Legas an ajiye Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu, 1976. Wa zai ce a toshe ramukan harsashin a yi mata fenti?

Maganar Yaya ce ta fi ba ni wuya, don tana da gaskiya a cikinta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsohon inji mai shan mai kamar raƙumi ba abin neman abinci ba ne. Dokokin hanya na yanzu kuma ba su yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Wanda ya bar ta yadda take, ya yanke mata hukuncin zama.

"Kai malami ne, albashi kake jira," in ji shi. "Shi Baba da ka ga ya ƙara sifirin, tarihi yake yi ko abinci yake nema? Da mahaifinmu na raye, da kansa zai cire injin nan."

Ban musa ba, don na san haka ne. Mahaifinmu bai taɓa ganin motar a matsayin kayan tarihi ba. Mu kanmu al'adarmu ba ta barin abu ya tsufa ba a taɓa shi ba: gidan ƙasa da ba a yi wa yaɓe duk shekara, damina uku ta ishe shi. Na kwana biyu ina ganin kamar hujjata ta rushe.

Abin da ya dawo da ni kan ra'ayina shi ne wata tambaya da na yi wa Baba: ina sauran? Ya ce a da, kowace ma'aikata da kowane babban ɗan kasuwa na da irinta, amma yau bai san wata da ta rage a tsaye a duk yankin ba. Alminiyum ɗin nan da ya hana su tsatsa shi ya kai su wuta, don masu zuba tukwane da ludaya ba su da abin da ya fi shi. Mai yiwuwa wata uwar gida a Roni tana tuƙa tuwo a cikin ƙofar motar da ta kai ta gidan miji. A lokacin da mahaifinmu ke yi wa tasa gyare-gyare, ɗaya ce cikin ɗaruruwa, kuma ba abin da zai yi aikinta sai ita. Yau kwalta ta isa Roni da Gwiwa da Babura, babur na shiga inda kwalta ba ta kai ba, motar kaya kuma tana nan a kasuwa ga mai kuɗi. Aikin ɗaukar gero wata za ta iya yi. Nuna wa ɗalibi da idonsa cewa an taɓa tuƙi a hagu a ƙasar nan, da yadda En'e ta isa ruga, da yadda bakanike ya rayu a zamanin tsada, wannan kam sai ita. Ga shi kuma gyaran Baba duk na ƙari ne, ana iya kwance shi a mayar. Shasin da aka yanke kuwa ba ya komawa.

Na gaya wa Yaya haka a gaban mahaifiyarmu. Na ce a yi wa motar kuɗi a kan tayin dillalin, ba na ɗan jari-bola ba, ni in biya kowa rabonsa a hankali, shi ya haɗa nasa ya nemi motar aiki. Bai ji daɗin jinkirin ba, kuma yana da hujja. Inna, wadda ba ta ce uffan ba tun farkon zancen, ta ce tumuninta da ke cikin motar a bar shi a ciki, ba ta sayarwa. A bencin baya na dama aka kawo ta daga ƙauyensu na ƙasar Gwiwa. Ƙannenmu mata biyu suka ce a fara sallamar Yaya, su sa jira.

Bayan sallar layya Baba ya zo da batir na aro da galan ɗin fetur. Ya wanke fulogai, ya hura kafireton da bakinsa, ya zura ƙarfen tayarwa ta gaba ya ce in murɗa. A karo na shida ta yi tari, ta yi hayaƙi baƙi, ta kama. Yaran unguwa suka cika gidan. Ta yi kamar minti huɗu tana gurnani kafin lagireto ya fara zubar da ruwa, Baba ya kashe ta. Ya ce in nemo masa dalma da ruwan batir, ranar Asabar zai dawo. Yaya kuwa saura kashi biyu cikin uku na kuɗinsa a kaina, na yi masa alkawarin na gaba in an sayar da ridi.