Littattafan Soyayya: Tarihin Marubutan da Suka Buga wa Kansu

A shekarun 1980 tattalin arzikin Nijeriya ya shiga wani hali, takarda ta yi tsada, kamfanin NNPC na Zariya ya ja baya wajen buga ƙagaggun labaran Hausa. Matasanmu kuwa ba su zauna jiran tsammani ba. Marubuci kan tara kuɗinsa ya kai rubutu maɗaba'a, sannan ya kai wa 'yan kasuwa littafin da hannunsa.

Cikin na farko akwai Talatu Wada Ahmed mai Rabin Raina. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino, jigon ƙungiyar Raina Kama, ya biyo da In Da So Da Ƙauna a 1991.

Ba su tsira daga suka ba. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, malamai suka ce suna ɓata tarbiyya, har a 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona wasunsu. Amma duk da haka su ne suka fito da zancen auren dole, kishi, saki da ilimin 'ya mace fili, kuma da su matan aure da dama suka riƙe karatunsu na boko.

Takardarsu mai araha ce, gara da danshi na cinye su. Ya kamata mu tattara waɗanda suka rage a gidajenmu mu adana, domin tarihin iyayenmu mata na cikinsu.