Dutse a Ƙarƙashin Ƙasa: Matsayin Tawali'u a Ilimin Duba na Sinawa

Littafin Yijing, wanda Sinawa suka shafe kusan shekara dubu uku suna duba da shi, gidaje 64 gare shi. Kowane gida layuka shida ne a jere daga ƙasa zuwa sama, kowane layi kuma ko dai ɗorarre ne ko mai giɓi a tsakiya. Wanda ya taɓa ganin yadda masu bugun ƙasa ke fitar da gidajensu 16 da ɗigo ɗaya ko biyu zai gane tsarin nan take, ko da yake kowanne da asalinsa. A ƙarƙashin kowane layi akwai gajeren hukunci: sa'a, ko hatsari, ko nadama, ko abin kunya. Kusan duk gidan da mutum ya ɗauka zai tarar da daɗi da ɗaci a gauraye, hatta gida na farko, na sama, layinsa na ƙoli gargaɗi ne ga wanda ya wuce gona da iri. Amma tun da daɗewa masu sharhi suka lura cewa gida na 15, mai suna Qian, wato tawali'u, babu mugun hukunci a layinsa ko ɗaya.

Abin da ke gabanmu a nan tarihin tunani ne, ba halascin duba ba. Hujjar da nake son kafawa ita ce, tawali'u ne ya karkatar da duban Sinawa daga neman labarin gobe zuwa binciken kai, sai dai ladar da littafin ya yi wa mai tawali'u alkawari ta zama ƙaya a cikin koyarwar, har malamansu suka yi ta sa-in-sa a kanta.

Duban Sinawa bai fara da ƙanƙan da kai ba. Ƙasusuwan duba na daular Shang da aka gane darajarsu a 1899, aka fara tono su a Anyang a 1928, sun nuna yadda ake yi a zamanin Sarki Wu Ding, wajen shekara ta 1200 kafin Miladiyya. Akan ɗora wuta a allon kafaɗar sa ko ƙoƙon kunkuru har ya tsage, sai sarki da kansa ya karanta tsagar. Inda aka rubuta abin da ya faru daga baya, galibi sai ka ga ya gaskata sarkin. A lokacin, duba hujjar sarauta ce.

Sauyin ya fito fili a littafin tarihi na Zuozhuan. A labaran shekara ta 564 kafin Miladiyya an kawo mutuwar Mu Jiang, gwauruwar wani mai mulkin ƙasar Lu, wadda aka tsare a fadar gabas bayan ta haɗa baki da farkanta don kawar da wasu manyan gidajen ƙasar. Lokacin da aka kai ta wurin, an yi mata duba, gida na 17 ya fito, mai duban fada ya yi mata albishir cewa ba za ta daɗe ba za ta fita. Ta ƙi karɓa. Ta ɗauki siffofi huɗu na alheri da hukuncin gidan ya ambata, ta auna kanta da su ɗaya bayan ɗaya, ta ce ba ta da ko guda, don haka albishirin ba nata ba ne, a nan za ta mutu. Haka kuwa aka yi. A 530 kafin Miladiyya kuma wani jami'i mai suna Nan Kuai, yana shirin tawaye, ya sami layi mai babbar sa'a. Wanda ya nuna wa ya gargaɗe shi cewa littafin ba ya yi wa maci amana aiki. Tawayen ya wargaje. Ko marubucin tarihin ya ƙawata labaran ko bai ƙawata ba, ƙa'idar da yake koyarwa ta fito: hukunci mai kyau sharaɗi gare shi, sharaɗin kuwa halin mai tambaya ne.

Sharhohin da ake kira Fukafukai Goma, waɗanda al'ada ta jingina wa Konfushiyas ko da yake tun ƙarni na 11 wani malami mai suna Ouyang Xiu ya yi shakkar wasunsu, su suka gina wa tawali'u dalili. A wurinsu sama da ƙasa da ruhohi da mutane duk ɗabi'a ɗaya suke bi: suna rage wa abin da ya cika, suna ƙara wa wanda ya ƙasƙantar da kansa. Littafin Xunzi ya kawo labarin wani mazubi da Konfushiyas ya gani a wurin bautar kakannin sarakunan Lu, wanda idan babu komai a cikinsa yakan karkace, idan ruwa ya kai rabi ya miƙe, idan ya cika ya kife.

Wa ake yi wa wannan wa'azi? Siffar gidan ta amsa. Layuka uku na ƙasa alamar dutse ce, uku na sama alamar ƙasa, wato dutse ne ya nutse a ƙarƙashin fili. Mai tsawo ake ce wa ya sunkuya. Gidan ya zo ne daidai bayan na 14, gidan babbar mallaka, kuma sharhin ya umarci shugaba ya rage daga inda ya yi yawa ya ƙara inda ya gaza. Abin da masu wa'azin taushin hali kan tsallake shi ne, layi na biyar da na shida na gidan tawali'u maganar fitar da rundunar yaƙi suke yi. Zeng Guofan, wani shugaban rundunar yaƙi a daular Qing, ya fahimci darasin sarai. Ya sa wa ɗakin karatunsa suna mai ma'anar neman rashin cika, kuma bayan rundunarsa ta Xiang ta ƙwace Nanjing daga 'yan tawayen Taiping a 1864, shi da kansa ya sallami mafi yawanta kafin fadar Qing ta fara zarginsa. Tawali'u ne ko wayo? Da wuya a raba su a nan.

Ladabin ya shiga har cikin yadda ake duban. Zhu Xi, malamin da ya rasu a 1200, ya tsara a keɓe ɗaki mai tsabta, a ajiye tsinkayen ciyawa 50 a naɗe cikin siliki. Mai tambaya ya wanke hannu, ya ƙona turare, ya fuskanci arewa, kamar yadda bafade ke tsayawa gaban sarkin da ke fuskantar kudu. Ya ware tsinke ɗaya ya ajiye, ya raba 49 gida biyu, ya ƙirga huɗu-huɗu, sau uku kafin layi ɗaya ya fito, sau 18 kafin gida ya kammala. Mai gaggawa ba ya jure wannan. Gida na huɗu kuma ya yi kashedi cewa mai maimaita tambaya don amsar farko ba ta yi masa daɗi ba, ba za a ƙara amsa masa ba.

Ƙayar ta fito sosai a hannun Yuan Huang, wanda aka fi sani da Liaofan. Yana saurayi wani mai duba ya faɗa masa matakan da zai samu a jarrabawa, ya ce ba zai haihu ba, zai mutu yana da shekara 53. Hasashen farko-farko suka yi ta cika har ya sallama wa ƙaddara. A 1569 wani malamin addinin Buda mai suna Yungu ya ba shi kundin lissafin lada da zunubi, Yuan kuma ya yi alwashin ayyukan alheri dubu uku. Ya sami ɗa, ya ci babbar jarrabawar daula a 1586, ya rayu har 1606, ya haura saba'in. Darasi na huɗu a littafin da ke ɗauke da sunansa kan amfanin tawali'u ne, hujjarsa kuwa jerin ɗalibai ne masu sauƙin kai da suka ci jarrabawa. A nan tawali'u ya koma jari, ana zuba shi ana jiran riba.

Liu Zongzhou, malamin da ya rasu a 1645, ya ga illar haka, ya tsara nasa kundin wanda laifuka kawai ake rubutawa a ciki, babu gurbin lada. A ganina shi ya fi kusa da gaskiya, domin mutumin da ke ƙirga makin tawali'unsa kowane dare ya riga ya fara cika. Sai dai bai kamata a ɗora wa Yuan laifin duka ba. Littafin Yijing ne da kansa ya fara cewa mai tawali'u zai ga kyakkyawan ƙarshe, kuma kundin Yuan ne talakawa da ɗalibai suka yi ta bugawa suna rabawa kyauta a matsayin aikin lada, yayin da na Liu ya fi zagayawa tsakanin malamai.