Daga littafin Mungo Park zuwa sikirif ɗin 'yan fim

A shekarar 1830 wasu Turawa biyu, wa da ƙane, Richard da John Lander, suka biyo Kwara suna cigiyar takardun Mungo Park, wanda ya halaka a ruwan Bussa a 1806. An ce musu Sarkin Yauri na da su. Suka shafe makonni a Yauri, suka taso hannu rabbana. A Bussa ne kaɗai wani mutum ya fito musu da littafi naɗe cikin ƙyalle, yana ji da shi kamar laya. Da aka buɗe, ashe jadawalin lissafi ne na matuƙan jirgin ruwa! Ita kanta tsohuwar Bussa ruwan Kainji ya haɗiye ta a 1968. Mu da muka tashi a Shanga, a bakin kogin nan, labarin gida ne.

Mai karatu, kada ka yi wa mutumin nan dariya, don su ma Turawan haka suka yi da kalmominsu. Ka ɗauki "Bible". Asalinta "biblia" ce ta Girkanci, ma'anarta littattafai kawai, kowane iri. Ana danganta ta da Byblos, garin bakin teku a Labanon ta yau, inda ake cinikin takardar da Misirawa ke yi da wata ciyawar ruwa. "Scripture" kuwa daga Latin ta fito, wato rubutu, ba ƙari. Girmamawa ce ta sa kalmomin suka koma na addini zalla. Namu "littafi" daga al-kitab na Larabci ya zo, amma bai bar hannun kowa ba, shi ya sa da aka buga cikakkiyar fassarar Baibul da Hausa a 1932 sai da aka ƙara masa "Mai Tsarki".

Wani kuskure da ya daɗe yana yawo, har a bakin malamai, shi ne wai "boko" daga "book" aka aro ta. Farfesa Paul Newman ya rushe wannan a 2013. Kalmar tamu ce tun fil azal, tana nufin jabu ko yaudara. Wanda ya san amaryar boko a wajen biki ba ya buƙatar dogon bayani.

To, abin da ya kawo ni: "script", wadda 'yan fim ke cewa sikirif, uwa ɗaya uba ɗaya suke da "scripture". Amma duba yadda muke wulaƙanta ta. Na taɓa zuwa lokeshin na roƙi darakta ya nuna min sikirif. Sai ya zaro fallen takarda biyu daga aljihu, duk sun sha gumi, rabinsu lissafin kuɗin abinci ne. Sauran labarin, in ji shi, yana kansa. Da fim ɗin ya fito, mahaifin jarumar da aka yi wa jana'iza a kashi na ɗaya shi ne ya karɓi sadakinta a kashi na biyu.