Gizago, Zarto da Inji a Ƙasar Sarkin Sudan

A cikin shekarar 1864, sa'ad da Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa sansaninsa a wurin da ya zama birnin Kontagora, bayan ya daɗe yana kai da kawowa da rundunarsa tsakanin Gwari da Kamuku da Kambari, ƙasar da ya sauka cikinta ƙasar itatuwa ce, irin wadda Basakkwace ko Bakatsine, wanda ya saba da sabara da ƙaya da gawo jefi-jefi a gona, ba ya ganin irinta sai ya yi tafiyar kwanaki zuwa kudu. Ga maɗaci a bakin rafuka, ga kawo da maje da madobiya da ƙirya, ga doka ta rufe tuddai, ga giginya a fadamu wadda ake tsaga azara da ita domin rufin soro, saboda gara ba ta cin ta. Runduna kuwa, ko ta wane sarki ce, ba ta zama sai da masassaƙi, domin shi ke fitar da itacen sirdi da ƙotar gatari, shi ke rarake ganga da turmi, shi ke sassaƙa akushin da za a zuba wa barde tuwo da allon da ɗan malami zai fara babbaƙu a kansa.

Sassaƙa sana'a ce ta gado, kuma ƙa'idarta guda ce: abin da za a yi duka, daga gungume ɗaya za a cire shi, ba haɗi, ba ƙusa, ba gam. Masassaƙi yakan shiga daji ya zaɓi itacen da ya dace da buƙata, ƙirya domin turmi saboda taurinta, aduwa domin allo saboda santsin fuskarta, ya sare da gatari, ya yi ta bin sa da gizago tun yana ɗanye, ba shi da ma'auni sai ido da taƙi da kamu. Kada mai karatu ya raina wannan, gama mutumin da zai rarake turmi har bangonsa ya zo da kauri ɗaya ta kowane gefe, alhali bai zana layi ko ɗaya ba, lalle ya mallaki wani hisabi a hannunsa ko da bai san sunansa ba.

Yaƙe-yaƙen da Sarkin Sudan Ibrahim, ɗan Umaru, ya yi tun daga hawansa a 1880 sun watsa garuruwa masu yawa, har ya zama lokacin da sojan Turawa suka ci Kontagora a farkon 1901, lardin yana cikin mafi ƙarancin jama'a a Arewa. An kama Ibrahim, aka kai shi zaman talala, sa'an nan aka mayar da shi kan sarauta a 1903, ya zauna har rasuwarsa a 1929. Abin da ya shafi zancenmu a nan shi ne, gonakin da mutane suka gudu suka bari daji ya mayar da su, itatuwa suka girma ba mai taɓa su. Saboda haka dukiyar katakon da 'yan baya suka tarar, wani ɓangarenta gadon wancan zamani na tashin hankali ne, ko da yake ba kowa ke son a faɗi haka ba.

Zarto ya shigo ne tare da Nasara. Da suka mai da Zungeru hedkwatar Arewa a 1902, kuma hanyar jirgin ƙasa ta biyo ta nan, sai buƙatar tebur da kujera da ƙofa da taga da akwatin takardu ta taso, abubuwan da gizago ba ya iya fitarwa, domin dukansu falankai ne da aka haɗa. Kafintocin farko baƙi ne daga Ikko da Saliyo da Gwalkwas. Falanki kuwa a rami ake tsaga shi: a gicciya gungume a bakin rami, mutum ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa garin katako na zuba masa a ka, suna jan dogon zarto tun safe har la'asar. A 1909 Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, ya sa kafinta cikin sana'o'in da ake koyarwa, daga baya kuma yadin ayyuka na En'e ya zama makarantar da ta fi kowace yaye 'yan ƙasa, domin a nan ne yaro ke fara riƙe ma'auni da sukwaya, ya gane cewa inci ɗaya inci ɗaya ne ko a hannun wa yake.

Malamanmu ba su ɗauki wannan sana'a baƙuwa ba, ko da kayan aikinta baƙi ne. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kafinta ne, kuma malaman fiƙihu sun lissafa sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa ga barinsu cikin farillan kifaya. Ibnu Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya keɓe fasali guda ga aikin katako, inda ya nuna cewa asalinsa yana komawa ga ilmin handasa, domin haɗa guntu da guntu ba ya yiwuwa sai da sanin nisba da miƙdari. To, nan ne kafinta ya rabu da masassaƙi. Amma abin da ya raya kafinta a garuruwanmu, in za a faɗi gaskiya, ba ofishin Razdan ba ne, aure ne: tun da rufin kwano ya fara maye gurbin azara, kuma gadon katako da kabad na jere suka zama dole a ɗakin amarya, sai uban 'ya mace ya zama babban mai ciniki, kuma kowace kaka, in an sayar da amfanin gona, shagon kafinta ba ya rufuwa da wuri.

Shi inji daɗaɗɗe ne a ƙasarsa. Tun a 1791 da 1793 wani Baturen Ingila, Samuel Bentham, ya yi rajistar dabarun goge katako da tsaga shi da na'ura, kamfanin Wadkin na birnin Leicester kuma ya kafu a 1897. Amma wanda ya dace da ƙaramin shago shi ne injin nan mai aiki da yawa, irin wanda kamfanin SCM na Rimini ta Italiya ya fara fitarwa a 1952 da sunan L'Invincibile, wanda a jiki ɗaya yake goge fuskar katako, ya daidaita kaurinsa, ya tsaga shi da faifan zarto, ya kuma huda ramin da za a cusa harshen haɗi. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka kafa Jihar Neja a 1976, aka buɗe kwalejin horar da malamai ta tarayya a Kontagora a 1978, ga barikin soja, ga kuɗin mai suna yawo, sai aikin benci da ƙofofi ya fi ƙarfin hannu.

Ta hanya biyu injuna suka shigo ƙasar nan da yawa, kuma makomarsu ta bambanta ƙwarai. Ta farko ita ce ta hukuma: da aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, gwamnati ta sayo kayan koyar da sana'a daga Cakoslobakiya da Hangare da Bulgariya, aka rarraba wa jihohi, amma da yawansu suka ruɓe a cikin akwatunan da suka zo da su, domin an aika su makarantun da ba su da ɗakin aiki, ba su da lantarki, ba su da malamin da ya taɓa ganin irinsu. Ta biyu ita ce ta 'yan kasuwa: bayan darajar naira ta faɗi daga 1986, sabon inji ya gagari talaka, sai aka koma ga tsofaffin da Turai ta gama yayinsu, waɗanda ake sayowa a Ikko, ko a Panteka ta Kaduna, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Sababbin da yawa sun mutu ba su yi aikin yini ɗaya ba, tsofaffin kuwa har yau suna kuka a 'yan katako. Dalili kuwa shi ne, tsofaffin sun faɗa hannun mutanen da suka yi shekaru suna bauta wa maigida kafin a yaye su.

Irin wannan inji ba ya isowa a tsaye. Ƙarfen zubi ne, nauyinsa yakan haura rabin tan, saboda haka sai an kwance shi kafin a ɗora a mota, ya iso gari a warwatse kamar san da mahauta suka feɗe, tebura daban, motar injin daban, notuna a cikin tsohon gwangwani. Kafinta mai hankali ba ya gaggawa. Da fari zai shimfiɗa buhuna ya jera komai bisa tartibi, ya yi wa kowane guntu alama da fenti, ya jiƙa abin da tsatsa ta kama cikin kananzir ko gas har kwanaki, sa'an nan yara su bi fuskar tebur da samfefa mai laushi, a hankali, domin wanda ya matsa a wuri ɗaya ya yi rami, ramin kuwa zai bayyana a jikin kowane falanki da zai bi ta kai. In yaro ya kama gefen tebur zai ɗaga inji da shi, nan take za a ji tsawa: “Kai, sake shi! Ta ƙasa ake ɗauka, so kake ka karya mini wuyansa?” Yaro ya ce, “Yi haƙuri, maigida.” Tsawar tana da hujja, gama ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, in kuwa ya tsage, mai walda sai ya gasa shi tukuna, ya liƙe, ya binne shi cikin toka ko yashi ya huce sannu a hankali, in ba haka ba ya sāke tsagewa kusa da ɗinkin.

Zuciyar inji ita ce sandar nan mai ɗauke da wuƙaƙe, wadda ke juyawa fiye da sau 4,000 a minti, tana zaune a kan boris biyu. Rahamar da ke cikin al'amarin ita ce lambar boris ɗaya ce a duniya duka, saboda haka in an karanta 6206 a jikin tsohon, ana iya samun irinsa a shagon kayan mota. Ba a buga shi da guduma. Ɗumama shi ake yi cikin mai har ya ɗan buɗe, sai ya zauna da kansa. Injin Ingila na dā yana da tasa wahalar, domin zaren notunansa na inci ne, kasuwa kuwa ta koma milimita tun shekarun 1970, sai a kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya yanka sabo. Motar injin kuwa yawanci mai layi uku ce. Inda wuta ba ta da tabbas, ko layi ɗaya ya ɗauke, ko dai a kai wa mai naɗin waya ya sāke mata kwayil, ko a ajiye ta gefe a ja bel daga injin gas. In an kunna aka ga sanda na juyawa baya, ba wani abin tashin hankali ba ne, wayoyi biyu ake musanyawa.

Amma inda ake gane gwani shi ne wurin daidaita tebura da ɗaura wuƙaƙe. Wajibi ne teburin gaba da na baya su kwanta a shimfiɗa ɗaya, in ɗaya ya sunkuya sai a yanko ɗan siririn gwangwanin madara a cusa a ƙarƙashinsa, a gwada, a ƙara ko a rage. Sa'an nan maigida zai ɗauko ɗan sandan maɗaci busasshe, miƙaƙƙe, ya ɗora a teburin baya, bakinsa ya leƙa kan wuƙa, ya juya sandar ƙarfen da hannu. Wuƙar za ta ɗan ɗaga itacen ta ja shi gaba kamar milimita 3 ko 4, ta sake shi. Zai yi alama da fensir, ya gwada a dama, ya gwada a hagu, ya gwada kowace wuƙa, har sai duka sun ja itacen gwargwado ɗaya, kuma wuƙaƙen su zama nauyinsu ɗaya, domin in ɗaya ta fi, inji zai yi ta rawa har ya cinye sabon boris. Jarrabawar ƙarshe kuwa ita ce a goge gefen falanki biyu, a haɗa su, a ɗaga sama ta fuskar rana: in haske ya ratsa tsakaninsu, aiki bai ƙare ba. Wannan ido, a ganina, shi ne idon masassaƙin nan na zamanin Nagwamatse, kayan aiki ne kawai suka sauya.

Akwai aibi guda da ba zan rufe ba. Murfin da maƙeran injin suka sa a kan wuƙaƙe, da ƙarfen da ke bayan faifan zarto domin hana katako matse shi ya yi tsalle, su ne abin da ake fara jefarwa, wai suna rage sauri, kuma duk wanda ya zauna a 'yan katako ya ga hannuwan da yatsunsu ba su cika ba. Mutumin da ya yi haƙurin kwana da kwanaki a kan milimita ɗaya, bai kamata ya ƙi ɗaura noti huɗu saboda yaron da aka ba shi amana ba.

Yanzu abin da ke ƙaranci shi ne katakon kansa. Zarto mai inji ya shiga daji, masu gawayi sun bi ƙirya, madobiya kuwa aka yi ta lodinta zuwa ƙasar Sin har sai da ƙasashen duniya suka sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a 2016. Abin da ya saura na babban daji, kamar na Zugurma, yana cikin gandun gwamnati, wasu dazukan kuma 'yan bindiga sun hana shiga. Saboda haka injin da aka daidaita domin maɗaci da kawo, yau malaina ɗanya yake ci, da falankan da manyan motoci ke haurowa da su daga kudu ta Jebba da Mokwa, kuma tun da zarto mai inji ba ya fitar da kauri ɗaya, kafinta yakan sayi falanki mai inci ɗaya da rabi, ya bi da shi ta inji sau uku ko huɗu kafin ya sami inci ɗaya mai kyau, sauran kuwa ya tafi a buhunan masu kiwon kaji.